Mota ta mutu a hanya, garanti ya ce ba ruwansa

 Na san wasu za su ga kan rubutun nan su ce yau kuma filin namu gareji ya koma? Ku yi haƙuri ku biyo ni. Makon jiya da muka yi maganar adashi, mata da yawa sun faɗi abin da suka yi da kwasarsu, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan waɗanda suka ce a mota suka zuba kuɗin, wadda maigida ko ɗa ko ƙane yake ja. Wato motar nan da ke kwana a ƙofar gida, ko da babu sunanki a takardunta, akwai guminki a cikinta. Ni ma ɗaya ce daga cikinku, kuma yau zan ba ku labarin da na daɗe ina jin nauyin bayarwa.

Shekara biyu da suka wuce maigida ya yanke shawarar sayen a-kori-kura mai shan gas, wato dizal, irin mai ƙofa huɗun nan, don ɗauko hatsi da riɗi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Kuɗinsa bai kai ba. Na ba da kwasar adashina, na haɗa da sarƙa da 'yan kunnen da na yi shekara tara ina ɓoyo. Ba wanda ya tilasta ni. Tare muka zauna muka yi lissafi, muka ga in mota ta yi sawu uku a mako, kuɗin makarantar yara ya daina hana mu barci.

Motar 'yar Kwatano ce, amma ba ta tsufa ba. Dilan ya ce akwai garanti. Da na tambayi maigida ina takardar, sai ya miƙo min rasit, a ƙasansa an rubuta da biro: garanti wata shida, inji da giya. Kalma shida ke nan cif. Na karanta na ji daɗi, na ninke na sa a ƙasan akwati tare da takardun haihuwar yara.

Wata uku aka yi lafiya lau. A na huɗu, wani dare bayan isha, wayata ta yi ƙara. Ƙanen maigida ne, shi yake jan motar.

"Anti, Yaya yana kusa? Wayarsa ba ta shiga. Motar ce ta tsaya mana bayan Ɗambatta, kuma da kaya a kai."

Ya ce tun da yamma ya ji ta rage ƙarfi, in ya taka ba ta amsawa, wata fitila ta kama a gabansa, can sai ta mutu ɗungurungum. In ya murɗa makulli tana juyawa amma ba ta tashi. Suka samu wani makanike a bakin hanya, mutumin kirki, ya kwance filtar mai, ya zubar da gas ɗin da ke ciki a ƙasa, ya hure ta ya mayar, suka yi ta murɗa makulli har batir ya yi sanyi. Ku riƙe wannan wurin, domin a daren nan muka yi asara biyu ba mu sani ba. Washegari aka sauke buhuna a wata motar, janwe ya jawo tamu zuwa Kano.

Na matsa sai da maigida ya tafi da ni wajen mai gyaran. Ya ce me zan je yi a gareji, na ce sarƙata zan je dubawa. Ya yi dariya ya buɗe min ƙofa.

Mai gyaran dattijo ne, aikin injekta kawai yake yi. Bai yi dogon bincike ba. Ya kwance wani ɗan ƙaramin abu a saman famfon mai, ya goga a farin ƙyalle, ya miƙo min ya ce, "Hajiya, duba nan a rana." Na duba. Ƙyallen yana ta walƙiya kamar an barbaɗa garin kwalli. Ya ce, "Wannan ƙarfe ne. Famfon ya ci kansa."

Bari in yi muku bayanin yadda na fahimce shi, don shi ne tushen rigimar duka. Tsofaffin motocin gas da muka taso muka gani, masu baƙin hayaƙi da ƙugi, ba su da tsirfa. Kusan duk abin da aka zuba musu sha suke yi su wuce. Na yanzu ba haka suke ba. Mai yana tasowa daga tanki, ya bi ta filta wadda ke tace datti ta kuma ware ruwa, sannan ya shiga wani famfo da ke matse shi da ƙarfin da hankali ba ya ɗauka. A wasu injinan matsin ya haura ninki 800 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Daga nan ya taru a wani bututun ƙarfe guda, ya rarrabu zuwa injektoci, su kuma su fesa shi cikin inji ta ramukan da kaurinsu bai wuce na gashin kai da yawa ba. Ragowar man da ba a ƙona ba ya koma tanki, ya sake zagayowa.

(Masu 'ya'ya a gareji suna koyon aiki, ku gaya musu kada su taɓa kai hannu kusa da bututun injekta da ke tsiyaya alhali inji yana aiki. Man da ke fita da wannan ƙarfin yana huda fata ya shiga nama, kuma aikin asibiti ne na gaggawa, ko da ramin ya yi kama da tsinin allura.)

To shi wannan famfon, a irin waɗannan motocin, ba baƙin mai ne ke sa masa santsi ba. Gas ɗin da ke ratsa shi shi ne man shafawarsa. In gas ɗin ya zo da ruwa, ko an gauraya shi da kananzir ko fetur, ko tanki ya yi ƙasa har famfo ya zuƙi iska, sai ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe a bushe. Kamar dai injin markaɗe ne da aka kunna babu komai a ciki, sai ki ga baƙi-baƙi a ƙullun da ya biyo baya. Garin ƙarfen nan kuma ba ya tsayawa a famfo. Yana bin mai zuwa injektoci, ya bi hanyar komawa ya sauka a tanki. Shi ya sa dattijon ya ce kada mu yaudari kanmu da canza famfo kaɗai. In ba a canza injektoci ba, ba a wanke tanki da bututai ba, sabon famfon ma garin da aka bari zai cinye shi.

Da ya faɗi kuɗin, sai da na nemi benci na zauna. Ya kai kuɗin makarantar yaranmu uku na shekara guda.

Amma ai akwai garanti, ko? Na dawo gida na zaro rasit daga ƙasan akwati.

Dilan ya karɓi maigida da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Ya ce, "Alhaji, ni inji na ba ka garanti a kai. Injinka ƙalau yake. Famfo ai ba inji ba ne." Da maigida ya ce to in ba famfo injin da me zai tashi, sai ya sauya hanya. Ya ce famfon da ya ba da lafiyayye ne, gurɓataccen gas muka zuba. Ya tambaya a wane gidan mai muke sha, ina rasit. Babu ko ɗaya. Ya tambaya ina man da ke cikin filta a lokacin da ta tsaya. Yana can ƙasar bayan Ɗambatta ta shanye. Ya tambaya wa ya ba mu izinin kai ta wajen wani makanike kafin mu sanar da shi. Wannan ita ce asara ta biyu. Ta farko kuwa ita ce murɗa makullin da aka yi ta yi a daren, domin kowace murɗawa tana ƙara tura garin ƙarfe cikin injektoci.

Daga baya ƙanen maigida ya amsa cewa sau biyu ya sayi gas a jarka wajen 'yan bumburutu, ranar da dare ya yi musu a ƙauye. Shin shi ne ya kashe famfon, ko dama famfon ya zo da ciwonsa tun daga ƙetare? Shaidar da za ta raba gardamar an zubar da ita.

Ina ta ƙunci ina cewa wannan sai a ƙasarmu, inda mai saye ba shi da gata. Dattijon garejin ne ya ce min, "Hajiya, ai ko a Amurka rigimar nan suke yi." Na ɗauka lallashi ne. Da na bincika sai na ga ashe ma tasu ta fi tamu girma nesa ba kusa ba.

A can manyan a-kori-kura masu shan dizal su ne ƙafar manoma da masu kiwo da 'yan kwangilar gini, da su suke jan tirelar shanu da kayan aiki. Daga motocin shekarar 2011, kamfanin Ford da kamfanin General Motors, mai yin Chevrolet Silverado da GMC Sierra, suka fara sa wani famfo na kamfanin Bosch na Jamus da ake kira CP4. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da taya da ke birgima a kan sandar da ke juyawa. In santsi ya yi ƙaranci sai ya daina birgima ya koma gurzawa, wani lokaci ma ya karkace ya juya a gicciye. Daga nan sai garin kwallin nan da na gani a farin ƙyalle. Motoci suka riƙa mutuwa ana cikin tafiya a babban titi, wasu da tirela a baya, kuma gyara ɗaya yakan kai dala 10,000 ko kusa da haka.

Ba zan faɗi sunan motarmu ba, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, famfonta ma daban ne. Irin waɗannan manyan na Amurka ba su da yawa a titunanmu. Amma tsarin man iri ɗaya ne, kuma amsar da masu motocin suka riƙa samu sak irin ta dilanmu ce.

Kamfanonin nan suna ba da garantin shekara 5 ko tafiyar mil 100,000 a kan injin dizal, rubutacce, a littafi guda. Amma a cikin littafin akwai layin da ya ce lalacewar da gurɓataccen mai ya jawo ba ta cikin garanti. Mutum zai kai motarsa wajen dila, a kwance wannan ɗan abun na saman famfo a duba. In aka ga alamar tsatsa sai a ce ruwa ya shiga, laifin mai mota ne, ya biya daga aljihunsa. Wasu suka juya wajen kamfanin inshora, shi kuma ya ce wannan lalacewar inji ce, ku koma wa masu garanti. Mai mota yana tsakiya, kowa yana nuna masa ƙofar wani.

Masu motocin da lauyoyinsu suka ce a'a, ba mu ne muka gurɓata mai ba, famfon ne bai dace da man ƙasar ba. Hujjarsu tana da ban sha'awa. Tun 2006 Amurka ta wajabta dizal mai ƙarancin sinadarin salfa a motocin kan titi, kashi 15 cikin miliyan, saboda hayaƙin mai salfa da yawa yana cutar da huhu, musamman na yara da masu asma. Sai dai tacewar da ke cire salfa tana tafiya da wasu sinadaran da ke ba wa man santsi, dole sai an ƙara masa wani abu daga baya. Akwai gwajin da ake yi, a goga ƙarfe da ƙarfe a cikin man a auna faɗin tabon da ya fito. A Turai ba a yarda tabon ya wuce maikiron 460 ba, a Amurka kuwa an yarda har 520. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato bambancin duka bai wuce kaurin silin gashi ba. A kan wannan silin gashin lauyoyi suka ce an ɗauko famfon da aka ƙera don man Turai aka sa wa motocin da za su sha man da ya fi shi bushewa. Kamfanonin sun musanta.

Sai dai ku dubi abin da ya biyo baya. General Motors ya daina sa famfon daga motocin 2017, ya koma na kamfanin Denso na Japan. Motocin Ram masu injin Cummins sun ɗauki famfon a 2019 da 2020, suka watsar da shi suka koma tsohon samfurin CP3, kuma a watan Nuwamba na 2021 aka yi kiranyen motoci sama da 220,000 don a canza musu famfo kyauta. A 2024 General Motors ya amince da sulhu a wata kotun tarayya da ke jihar Mishigan, inda aka ware dala miliyan 35 ga masu motocin 2011 zuwa 2016, ban da kuɗin lauyoyi, ba tare da ya amsa laifi ba. Sulhun ma bai shafi kowa ba, sai waɗanda suka saya wajen dilan kamfanin a jihohi bakwai, ciki har da Teksas da Kalifoniya da Fulorida. Shi kuma Ford, a ƙarshen 2024 ya sanar da kiranyen motoci kusan 295,000 na shekarun 2020 zuwa 2022, ya ce daskararren dattin da ke fitowa daga man tsirrai da ake gaurayawa da dizal ne ke taruwa a cikin famfon, maganin da ya bayar kuma shi ne sabunta manhajar kwamfutar motar.

Ku lissafa, daga 2011 zuwa 2024 shekara 13 ke nan. A ƙasar da ke da lauyoyi kamar ƙasa, da hukumar kula da lafiyar motoci, da dokar garanti tun 1975. Kuma da sulhun ya zo, wa ya fi cin moriyarsa? Wanda zai iya nuna cewa shi ya biya kuɗin gyara. Wanda ya adana takarda ke nan. Wannan ne ya sa na daina cewa sai a ƙasarmu, na fara tambayar kaina me ya sa mu ba mu da ko rasit ɗaya.

Abu biyu daga labarin nan sun shafe mu kai tsaye. Motar da aka shigo da ita daga Amurka a hannu na biyu, garantin kamfanin can galibi ba ya biyo ta ya tsallako teku, balle in motar haɗari ce da inshora ta yi gwanjonta, wannan tun a can garantinta ya mutu. Don haka in dila ya ce miki "har yanzu tana cikin garantin kamfani", ki ɗauka zance ne. Amma kina iya ɗaukar lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani ta gilashin gaba a ɓangaren direba, ki sa a shafin hukumar NHTSA ta Amurka daga wayarki, kyauta, ki ga ko akwai kiranyen da ba a yi mata ba. Na biyu, wasu sababbin motocin dizal suna da ƙaramin tanki na daban mai shuɗin murfi, wani lokaci dab da bakin tankin gas. Na wani ruwa ne da ke rage gubar hayaƙi, ana kiransa AdBlue, haɗin ruwa ne da yuriya, dangin takin da muke sa wa masara. In yaron gidan mai ya kuskure ya zuba shi a tankin gas, ko ya zuba fetur, kada a tayar da motar, kada ma a murɗa makulli. A tura ta gefe a zuƙe tankin. Kuɗin zuƙe tanki kuɗin cefane ne in aka kwatanta da kuɗin injektoci.

Mu dawo Kano. Wata ƙawata da ta karanci shari'a ta gaya min cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya fito da aibi cikin wata uku daga ranar da aka miƙa masa, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Mu a wata na huɗu muke. Abin da ya rage mana kalma shidan nan ne na ƙasan rasit. Inshorarmu kuwa irin wadda ake yi ce don kada a tare ka a hanya, ta wanda ka buge ce, ba ta san da zaman famfo ba. Ta ce duk da haka muna iya kai ƙara hukumar, ko hukumar kare masu saye ta jihar Kano, kuma da muna da rasit da samfurin mai, da har gidan man muna iya kai ƙararsa wajen NMDPRA, masu sa ido a kan ingancin mai.

Maigida bai so ba. Ya ce shi da dilan a masallaci ɗaya suke sallar Juma'a, yaya za a ce ya kai shi hukuma. Na ce, "Abban yara, shi da ya ce famfo ba inji ba ne bai tuna da masallacin ba?" Muka yi kwana biyu ana gaisuwa sama-sama. Na faɗi wannan ne don na san a gidaje da yawa ba a gareji rigimar mota take ƙarewa ba, a ɗaki take ƙarewa. Shi yana jin kunyar an ci shi a ciniki, ke kina jin zafin abin da kika sayar, ga dangin miji a tsakiya tunda ɗansu ne direba. Na yi niyyar in wanke ƙanen nasa tas a kan jarkar nan, sai na tuna ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa wannan motar ba irin wadda ya koyi tuƙi da ita ba ce. Kuma kuɗin man da ake ba shi a ƙididdige yake, ba ya isa ya cika tanki kafin ya bar gari. Wanda aka tura ƙauye da rabin tanki, ai an riga an tura shi wajen 'yan bumburutu.

A ƙarshe hanyar gida aka bi. Aka je wajen shugaban dillalan wurin, dattijon garejin ya taka da kansa ya zo da tsohon famfon a leda. Ya buɗe shi a gaban kowa ya nuna cewa babu tsatsa a ciki, ya ce a iya saninsa da ruwa ne ya daɗe yana shiga da an ga alama, kuma cin da ƙarfen ya yi ya fi kama da wanda ya daɗe yana tafiya. Ya kuma faɗi gaskiya cewa wannan bai wanke kananzir ba, don shi ba ya barin tsatsa. Shugaban ya tambayi dilan, da ya rubuta inji, ya gaya wa mai saye cewa ban da famfo? Ya ce bai faɗa ba. Aka yanke shi zai sayi famfo, mu mu ɗauki injektoci da wankin tanki da kuɗin aiki. Kusan kashi biyu cikin uku ya faɗo kanmu. Ban ji daɗi ba, amma da makanikan ya jefar da tsohon famfon nan a bola kamar yadda aka saba, da ko wannan ba mu samu ba.

A Ƙofar Ruwa aka sayo kayan, kuma a nan ma sai da dattijon ya hana maigida ɗaukar filta mai araha. Ya ce filtar jabu a ido ba ta da bambanci da ta gaske, amma ko dai ta bar datti ya wuce ko ta ƙi ware ruwa, kuma duk dukiyar da ke bayanta ita take gadi.

Yanzu ni ce mai littafin motar, kuma ba wanda ya ba ni muƙamin, ɗauka na yi. Littafin makaranta ne mai shafi 60. Duk ranar da aka sha mai ana rubuta kwanan wata da gidan man da lita nawa da lambar tafiyar da ke kan allo, a ɗauki hoton rasit a turo min ta WhatsApp tun kafin a bar wurin, don rasit ɗin injin nan yana gogewa cikin 'yan watanni. Gidajen mai biyu muka tsayar, masu ciniki sosai waɗanda mansu ba ya daɗewa a ƙasa, kuma in aka tarar da tanka tana sauke mai ana wucewa, don lokacin ne dattin da ya kwanta a rijiyar yake tasowa. Tanki ba ya sauka ƙasa da kwata. Da damina an fi kula, domin ruwa yana samun hanyar shiga rijiyoyin gidajen mai. Akwai fitilar da ke nuna ruwa ya taru a ƙasan filta, kuma ashe ita ce ta taɓa kamawa makonni kafin abin ya faru, ƙanen maigida ya ga ta mutu da kanta ya share. Yanzu ya san in ta kama tsayawa ake yi a kwance ɗan makunnin ƙasan filtar a tsiyaye ruwan.

Akwai kuma kwalba, wankakkiya busasshiya mai murfi, a bayan kujera. In mota ta sake tsayawa, kafin kowa ya taɓa komai za a tsiyayi mai daga filta a cika ta, a ɗauki bidiyo ana yi, a kira wanda ya ba da garanti, a tura masa saƙo rubutacce don kwanan wata ya zauna. Ruwa ya fi gas nauyi, in aka ajiye kwalbar ta kwana za ki gan shi kwance a ƙasa da idonki. Gaurayen kananzir kam ido ba ya gani, sai ɗakin gwaji, amma ko ɗakin gwajin sai da abin da za a kai masa.

Ga masu shirin saye, ko mota ce ko janareto mai gas ko injin ban ruwa, roƙona ɗaya ne. Kafin kuɗinki ya bar hannunki, ki ce a karanta miki abin da aka rubuta. In an ce inji, a tambaya da famfon mai da injektoci ko ban da su, a rubuta amsar. A rubuta wa zai biya kuɗin aiki, wane gareji aka yarda a kai, kuma in aka ce man ne ya jawo, wa zai duba ya tabbatar. Dila na iya cewa shi ba ya ba da garanti a kan famfo, kuma yana da hujjarsa, tunda ba ya bin ku gidan mai. To ya faɗa tun yanzu, a rage kuɗin motar, a kai ta wajen mai aikin injekta ya kwance ɗan abun nan ya goga a farin ƙyalle kafin a biya. Aikin minti 20 ne.

Da kanen wata ƙawata zai sayi tasa a watan jiya, ita ta je da shi. Dilan ya ce, "Hajiya, ai mu nan magana ɗaya muke yi, ba sai an rubuta ba." Ta ce, "To Alhaji, tunda ɗaya ce ai ba za ta yi wuyar rubutawa ba." Ta miƙa masa biro.

Motarmu tana kan hanya, jiya ma Ɗambatta ta je. Sarƙar dai ba ta dawo ba tukuna, maigida ya ce bayan kaka, na rubuta wannan ma a shafin ƙarshe na littafin, da kwanan wata. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ina son jin yadda kuke yi da dilolinku in irin wannan ta taso. Mako mai zuwa za mu koma kicin, batun tukunyar gas da robar da ke tsiyaya.